Kaboyin Inna Yana Kan Hanya

A gidanmu na Beli, idan an ci tuwo lokacin sanyi, Inna, kakata ta wajen uba, takan ja kujerarta kusa da murhu, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta duk mun haddace su, amma akwai labari guda da ba ta yarda a kira shi tatsuniya. Shi wannan, in ji ta, da idonta ta gani a majigin da aka taɓa haskawa a Karaye. Tsohon fim ne na kaboyi, mara kala. Inna ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, don haka ita ta sa wa mutanen cikinsa magana a baki.

Wai Turawan Amurka ne suka yi yaƙin basasa, ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa. Da aka gama, wani soja ya tuɓe kakinsa, ya tattara shanu, ya nufi gida wajen tsohuwarsa. A nan Inna takan tsaya ta yi tsaki, don Bafulatana ce. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda mutanen fim ɗin suke korar shanu a kan doki da igiya, kamar ɓarayi. "Saniyar da ka rena, ai sunanta kake kira ta biyo ka," in ji ta. Mu yi ta dariya.

Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya min a rai. Kullum a bakin wani kogi labarin yake tsayawa, sai ta ce a tashi haka. Ran nan na matsa mata da tambaya, ya isa gida ko bai isa ba?

Ta daɗe tana tona toka da kara. "Ruwa ne ya sauko, masu majigin suka naɗe farin ƙyallen da suke haskawa a kai," ta ce. "Yana kan hanya."

Sai da na girma na ji cewa ɗanta na fari, Baffa Sale, ya shiga soja lokacin namu yaƙin basasar, bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba. Karsanar da ya bari, Inna ta hana a sayar har ta koma ga Allah. Da na gane, tausayinta ya kama ni, da kunyar tambayata.

Yanzu irin waɗannan finafinan ana samunsu a waya. Ɗana ya ce zai nemo min shi in ga ƙarshen, na ce ya bari. Jikokin karsanar suna nan a garkenmu, har yau shanun Sale ake ce musu, kuma babu wanda ya taɓa cewa a raba su gado.