Riƙon Layi a Tsallaken Kogi

Maƙwabcina a unguwar Bronx, can ƙasar waje, mutumin Maraɗi ne. Kafin ya koma sayar da agoguna a kan tebur a Fordham Road, ɗan kokawa ne da ake buga wa ganga. Ni kuwa tsohon malamin firamare ne daga Zariya, wanda rabo ya mayar mai tura gadon marasa lafiya a asibiti. Yana ce mini Malam, ina ce masa Alhaji, ko da yake ni na daina koyarwa, shi kuma bai taɓa ganin Makka ba. Bizarsa ta ƙare da daɗewa. Manyan da ke benenmu duk sun sani, ba mai furtawa. Dokar rayuwarsa guda ce: kada ɗan sanda ya tambayi sunansa, ko da a kan tofar da yawu ne.

Wata bazara a farkon shekarun casa'in, 'yarsa ta kafa masa ƙahon zuƙa sai an kai ta wani wurin wasa a tsallaken kogi, inda aka gina titunan ƙarya irin na finafinai, ana kifar da motoci, ana harbe mutane suna miƙewa suna karɓar tafi. Matsalar lokaci ce. Ni ina shiga aiki da la'asar, shi kuma yammacin Asabar ne kasuwarsa. Rabin yini muke da shi, alhali an ce layin wurin kaɗai kan cinye yini guda.

Alhaji ya kawo dabara. "Malam, ku 'yan boko kuna wahal da kanku. A famfon unguwarmu mutum ka tsayawa layi? Bokiti ka tsayawa."

Tsarin shi ne, mu manya huɗu, shi da matarsa, ni da tawa, kowa ya kama layi daban. Wanda ya kusa ƙofa ya ɗaga hula, sauran su taho da yarinya. Na duba shi ta fuskar lissafi, ban ga aibu ba. A gida, ko gidan mai ne ko asibiti, wanda ya ce "ina bayanka" ya tafi harkarsa, ya bar haƙƙi a wurin, kuma ba mai musu.

Layi biyu na farko muka wuce da harara kawai, ita kuwa harara ba ta tsinka igiya. Na uku shi ne na babban wasan faɗa, Alhaji ke riƙe da shi. Ya ɗaga hula, muka sunkuya ta ƙarƙashin igiya mu huɗu.

Mutumin da ke bayansa wani ƙaton Bature ne da rana ta dafa wa wuya. Ya daɗe a tsaye, 'ya'yansa biyu na kuka. Ya yi magana, Alhaji ya juya da fara'a ya gaishe shi, ya ce iyalinsa ne. Mutumin bai amsa gaisuwa ba. Ya damƙi kafaɗar yarinya ya wurgar da ita baya, goshinta ya daki ƙarfen da aka ɗaure igiya.

Ban ga lokacin da Alhaji ya motsa ba. Na dai ga hannunsa a bel ɗin mutumin, na ga dugadugan ƙaton sun bar ƙasa. Saura ƙiris kansa ya sadu da siminti. Sai matar Alhaji ta yi magana, ba da ƙarfi ba, kamar mai tuna wa miji ya manta makulli.

"Maigida. Takardu."

Ya sauke shi a hankali kamar ƙwai. Ya mai da hannuwansa baya, ɗaya ya riƙe ɗaya.

Naushin ƙaton na farko a hancin Alhaji ya sauka. Ƙararsa ba ta kai ta finafinai ba, ƙarama ce, kamar an taka busasshen kara. Na biyu ya fasa leɓe, haƙori ya faɗo kan takalmina. Na shiga tsakani da Turancina na aji, na sami gwiwar hannu a ido, tabarauna ya rabu biyu, na zauna ba shiri. Daga ƙasa nake kallon sauran. Alhaji ya durƙusa, jini na zuba kan farar shaddarsa, mutumin yana shurinsa a haƙarƙari yana haki. A cikin fili an fara wasa, bindigogin ƙarya na tashi, jama'a na tafi. Wasu a layi sun ɗauka mu ma cikin shirin muke. Wata tsohuwa har hoto ta ɗauka. Hannuwan Alhaji kuwa ba su rabu ba. Na ga farcensa ya nutse cikin tsintsiyar hannunsa.

Masu gadi suka zo suka janye mutumin. Babbansu ya ce shaidu sun ga komai, yanzu zai kira 'yan sanda, sai dai Alhaji ya ba da suna da adireshi. Na fassara.

Alhaji ya tofar da jini. "Ce mishi faɗuwa na yi."

Mai gadi ya dubi sawun takalmi a rigarsa, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. Sannan ya nuna mana allo mai cewa an hana tsallake layi, ya raka mu har bakin ƙofa. Ƙaton ya shiga kallon wasa da 'ya'yansa.

A mota na cusa masa auduga a hanci, matata ta karɓi tuƙi. Muka hau gada. Yarinya, da ƙulu a goshi, ta tambaya da Turanci me ya sa ubanta ya sauke mutumin.

Alhaji yana jin Turancin ciniki sarai, amma ya juyo gare ni. "Malam, mi ta ce?"

"Tana tambaya ko da zafi."

"Ba haka na ce ba," in ji ta, da Hausa.

Uwar ta jawo ta, ta yi mata bayani a kunne, bayanin da aka daɗe ana ɓoye mata. Ta saurara. Kafin mu sauka daga gada, motar 'yan sanda ta zo daidai tagarmu, tana tafiyarta. Yarinyar, wadda aka haifa a asibitin da nake aiki, 'yar ƙasa mai cikakkun takardu, ta zame ƙasan kujera, ta kama gefen rigar ubanta tana ja, wai shi ma ya sunkuya.