Tarhon da Yayana Ya Sayo a Damagaram

Yayana kurma ne. Sanƙarau ya kama shi yana ƙaramin yaro, tun kafin a haife ni. Ya tashi daga ciwon ba ya ji, 'yan kalmomin da ya iya a lokacin kuma suka zube masa sannu a hankali. Ba a sa shi lakwal ba, wato makarantar boko, a makarantar allo ma bai daɗe ba. Ni na buɗe ido na tarar ana magana da shi da hannu a gidanmu, na koya kamar yadda na koyi Hausa da Barbarci. Ba irin maganar hannun da ake koya wa kurame a makaranta ba ce, tamu ce ta gida, shi da Inna suka haɗa ta. In ya ja yatsa a kumatun hagu, inda Inna ke da tabon ƙuna, to ita yake nufi. In ni ce, sai ya taɓa haƙoransa na gaba, don ina da wushirya.

Tun da matarsa ta rasu ya tare a kwari, a garkar dabinon da babanmu ya bar mana. Ni ina koyarwa a Gure, Inna tana wurina. Da can sai ranar kasuwa muke ganinsa, in kuwa bai zo ba, mu kwana cikin zullumi har wani mai garka ya shigo gari mu tambaya.

Abin ya sauya da na ba shi tsohon tarhona. Rubutu bai iya ba, saƙon murya ba shi da amfani gare shi, bidiyo kuma rezon kwari, wato layin sadarwar can, ba ya ɗauka. Sai ya hau tudun rairayi kafin ya sami ɗan layi guda. Amma 'yan ƙananan hotunan nan da ake sawa cikin saƙo, emoji, suna wucewa kamar rubutu. Da kansa ya gano haka. Rana da tafin hannu, ya tashi lafiya ke nan. Raƙumi, masu saye sun zo. Ɗigon ruwa da kibiya mai kallon ƙasa, rijiya ta ja baya. Kowace safiya kafin in tafi aiki Inna za ta ce, "Ya aiko?" In nuna mata ranar nan da hannun, sannan ta karya kumallo.

Sai dai hotunan ba su ishe shi ba. In zai tambayi Inna, dole ya sa wata tsohuwa mai farin gashi a ƙudundune, kai ba ɗankwali. Ya sha nuna mini ita yana yamutsa fuska, yana cewa da hannu wannan Banasariya ce. Babu kanwa a ciki, babu garka, babu ciwon gwiwar da ke damunsa. Wata rana ya aiko wuta da ƙafa, na ɗauka ƙonewa ya yi, na tashi mai moto muka tafi a babur ɗinsa. Ashe gwiwar ce ke masa zafi kamar wuta.

Da aka yi suna a gidan danginmu, taubashiyata, 'yar gwaggonmu, ta zo daga Yamai inda take aikin biro, wato ofis. Bayan an ci an sha muna zaune a tsakar gida, ta fito da sabon tarhonta tana nuna wa mata wani abu. Sai ta rubuta abin da take so da Faransanci, tarhon ya zana mata shi ya zama emoji. Ta ce basirar na'ura ce a cikinsa. Ta ɗauki hoton Inna, ta yi 'yan rubuce-rubuce, sai ga Inna 'yar mitsitsiya da mayafinta da buta a hannu. Mata suka yi ta dariya, Inna ta ce a raba ta da shirme.

Yaya ya shigo gaida gwaggo, na ja shi na nuna masa. Ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya ja yatsa a kumatu, yana tambaya ina tabon. Taubashiyata ta ƙara rubutu, tabon bai fito daidai ba, amma ya yarda. Daga nan ya zauna a ƙasa cikin mata, abin da ba ya yi, ya shiga ba ni umarni ina fassarawa. Dabinon da rairayi ya binne rabinsa. Akuya cikin albasa. Buhun kanwa. Mace mai wushirya riƙe da alli. Da wannan ta fito ya yi dariya da ƙarfi, irin dariyar da shi ba ya ji, mu ma ba kasafai muke jinta ba. Har maza suka leƙo daga waje.

Ta tura masa su duka. A tarhonsa suka fito kamar ƙananan akwatuna, ba komai ciki. Ta sake turawa a matsayin hoto, wani zobe ya yi ta juyawa, sannan aka rubuta cewa wuri ya cika. Ta ce, "Ai wannan tarhon ya tsufa. Sai irin nawa ke yi." Na faɗa masa da hannu, sai irin nata. Ya juya tarhonta ya kalli bayansa, launinsa da idanun kamarar, ya shafa su da yatsa, ya miƙa mata.

Ban ƙara tunanin zancen ba. Bayan an sauke dabino ya sayar, ya haɗa da ragonsa, ya shiga mota shi kaɗai ya tafi Damagaram bai gaya wa kowa ba. Sai ganinsa na yi da la'asar a ƙofar gida, ƙura har gira, ya ciro wani abu naɗe cikin rawani. Tarho ne na hannu amma mai kyau, kamfani ɗaya da na taubashiyata, launi ɗaya, idanun kamara iri ɗaya. Ya ajiye a cinyata, ya nuna Inna, ya ce in fara.

Na duba ko'ina ban ga wurin yin emojin ba. Na kira taubashiyata, ta ce in shiga wurin saiti in sabunta tsarin tarhon, abin sai da sabon tsari yake zuwa. Sabuntawar nan ta ci mana kwanaki. Megan intanet ya ƙare in sake saye, kuran ya ɗauke mu rasa wutar caji, rezo ya yanke a koma farko. Yaya bai koma kwari ba, ya bar wa maƙwabcinsa ban ruwa. In na dawo daga lakwal sai in tarar da shi zaune gindin bango kusa da wurin caji, yana kallon ɗan layin nan da ke cika a hankali.

Da ya cika, tarhon ya mutu ya sake tashi. Launuka sun sauya, wasu abubuwa sun ƙaru, wurin yin emoji dai babu. Na sake kiranta.

"Karanto mini sunansa yadda yake a rubuce ciki," in ji ta.

Na karanta. Ta sa na maimaita.

"Taubashiya, wannan wanda ya riga nawa fitowa ne. A ido ɗaya suke. Amma ba ya yi."

"Ba abin da za a ƙara masa?"

"Ni dai ban sani ba. Ku tambayi mai gyara."

Washegari muka je wurin wani mai gyaran tarho a kasuwa. Bai ma buɗe shi ba. Ya ce, "Malama, tarhon nan lafiyarsa lau, ba a cuce shi ba. Memwar iri biyu ce. Akwai ta ajiya, kamar rumbu, wannan yana da ita da yawa. Akwai wadda yake aiki da ita lokacin da yake tunani, ita ce ba ta kai ba, ƙwaƙwalwar ma ta baya ce. A manne suke da allon ciki, ba a cirewa." Ya ƙara da cewa ko da ya kai, sai an rubuta masa da Faransanci ko Turancin Ingilishi, bai san Hausa ba. Kuma abin da yake zanawa hoto ne na gaske, yana da nauyi, ba lalle rezon kwari ya ɗauka ba.

Yaya yana tsaye yana kallon bakin mutumin, yana kallon nawa. Ya taɓa kafaɗata, me ya ce?

A maganarmu ta gida babu memwar, babu tsari, babu na bana da na bara in abu biyu sun yi kama. Abin da nake da shi shi ne kai, da ƙarami. Na taɓa goshi, na tsuke yatsu. Hannuna bai gama sauka ba na ga fuskarsa ta canza. Alamar da yaran unguwa ke yi masa ke nan tun yana saurayi, in suna nufin ba shi da wayo. Na yi maza na nuna tarhon, na sake, na nuna tarhon. Ya nuna yamma, wajen Yamai, na taubashiyata yana yi. Ya haɗa yatsu biyu, iri ɗaya ne. Na ce a waje ne kawai, ciki daban. Ya kalle ni, ya kalli mai gyaran da ke murmushi irin na ban haƙuri, ya kalli mutanen da suka fara tsayawa. Sannan ya ɗora hannu a kunnensa, ya nuna ƙirjinsa. Saboda ni ne, yake nufi.

Na girgiza kai har mayafina ya zame. Ya ɗaga tarhon ya nuna mini, ya ce tarhon ma ya san shi kurma ne.

Bai kwana a gari ba. Da safe Inna ta ce, "Ya aiko?" Na ce rezo ne. Washegari ma haka. Daga baya ta daina tambaya, sai ta kalli tarhona in na ɗauka, ta kau da kai. Ni kuma kullum ina tura masa rana da hannu, saƙon yana nan bai shiga ba. Masu garka suka ce lafiyarsa lau, yana aikinsa, ba ya dai hawa tudu.

Ana cikin haka Inna ta zame a bakin randa ta faɗi, ƙugunta ya bugu, ta kasa tashi. Na tura masa tsohuwar nan mai farin gashi da gado da asibiti, ko da zai kunna. Bai kunna ba. Sai mai moto na aika, na ce ya ja yatsa a kumatun hagu in ya gan shi, zai gane. Kafin azahar ya iso.

Ya yi jinyar Inna fiye da yadda na yi. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi ke kai ta rana da safe ya dawo da ita inuwa. Amma ni ba ya kallon hannuna. Mai ji in ya yi fushi da kai, dole maganarka ta shiga kunnensa ko bai so. Yaya kuwa in ya kau da ido, shi ke nan, babu ta inda za ka bi. Sai in tsaya gabansa ina magana, ya zuba wa bango ido har in gaji in sauke hannu.

Da Inna yake hira. Ina daga ƙofa ina kallonsu, na lura yatsunta sun ƙage, alamominta ba sa fita sosai, yana sa ta maimaitawa. Mu uku ne kawai a duniya muka iya maganar nan, ɗaya ga ta kwance, ɗaya kuma ba ya kallona.

Wata rana da ya fita alwala Inna ta ce da ni, "Kin ɗauka wasa ya gani ya yi sha'awa?"

Na ce ban ɗauka haka ba.

"Shekara nawa yana jira wani ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya ga abin da zai faɗa da kansa, aka ce ba irinsa ba."

Na ce ba wanda ya ce haka, tarhon ne bai kai ba. Ta ce ita ta gane, amma ba ita za a gaya wa ba.

Da Inna ta fara takawa da sanda ya shirya komawa. Ya ajiye sabon tarhon a kan tabarmata, da abin cajinsa a naɗe tsaf. Na miƙa masa tsohon nawa, wanda ya saba da shi, da ya bari a wurina tun da ya sayo sabon, ya ture hannuna a hankali. A ranar dai ya kalle ni, ya ce in kula da maganin Inna, in hana ta zuwa randa. Ya tafi.

Yanzu ya koma zuwa ranar kasuwa, wani mako ya zo, wani mako shiru. Yana gaishe ni, muna maganar hatsi da magani da kuɗin moto, ba ya wuce nan. In bai zo ba, sai in bi rumfunan masu albasa ina tambaya ko wani ya gan shi.

Kwanan baya taubashiyata ta kira. Ta ce abin yana damunta, tana ganin ita ta jawo. Za ta canza tarho, in mun yarda za ta aiko masa da nata, wanda ke yi ɗin. Na tambaye ta wa zai rubuta masa Faransancin a kwari, ta ce ai sai in zana masa da yawa in ajiye masa, ya riƙa zaɓa. Na ce in rezo ya ƙi ɗauka fa, in sake tsayawa gabansa in ce me? Ta ce a gwada dai.

Na ce mata zan yi shawara da Inna. Inna ta ce ita ba ta da ta cewa, ni na san tarho. Taubashiyata ta sake kira jiya ina aji, ban ɗauka ba.