Gilasan Ishaya da rijiyarmu ta Chikaji

Shekara bakwai ke nan da hatsarin mota ya ɗauke mana ƙanena Ishaya, malamin kimiyyar sinadarai a Samaru. An ce lokaci magani ne. Ni dai har yau bai yi mini ba.

Aikinsa wasu 'yan gilasai ne da ba su kai farcen babban yatsa ba. A kan kowanne akwai ɗige-ɗigen zinariya a jere, sun fi gashin kai siranta. In an ɗiga ruwa aka saki 'yar wutar lantarki, dalmar da ke cikin ruwan sai ta manne musu, na'ura ta nuna yawanta. Na taɓa tsokanarsa me ya sa ɗigon ba ɗaya ba. Ya ce, “Yaya, ke da kike cikin mawaƙan coci? Murya ɗaya ba ta kaiwa bencin baya.”

Da su ya gwada rijiyarmu, wadda masu gyaran batir ke zubar da ruwansu a kwatar bayanta. Ya ce dalmar ta yi yawa, kada a ƙara ba yara ruwanta. Makwabta suka yi dariya, wai ruwa garai-garai boko ya ce guba ne. Ya yi alkawarin bin rijiyoyin unguwa ɗaya bayan ɗaya har Jushi, sai ajali ya riga shi.

Ranar rabon kayansa, Kawu Bulus ya ji an ce akwai zinariya a akwatin gilasan. Bai tambayi kowa ba ya kai wa maƙeri a kasuwar Sabon Gari. Aka kankare gilasan kaf, abin da ya fito ko ɗan kunne ɗaya bai yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan har da kwaɗayi, kuma ban yafe ba. Abokan aikinsa da suka cika mu da jawabi a jana'iza, ko ɗaya bai zo neman akwatin ba.

Da Ishaya zai leƙo yau, zai tarar masu batir sun ƙaru, famfo kuwa sai iska. Zai ga jikata Rahila, shekararta huɗu, ba ta haɗa kalma biyu. Ruwan ne? Ba ruwan ba ne? Wanda zai gaya mini yana kabari.

Nakan sayi ruwan leda in da hali. In babu, guga nake ɗauka. Abin da ya rage mini na Ishaya ke nan: duk unguwar nan ni kaɗai ce ke tuna dalma in na miƙa wa yaro kofi.