Gurbin da Arɗo ya ƙi

Cikin shekarun da na yi a gidan rediyonmu na Agiye, akwai wata ranar kasuwa da ba za ta taɓa fita raina ba.

A lokacin mun gaji da karanta labarin rikicin manoma da makiyaya kowace damina. Sai muka yanke shawarar rubuta kowane burtali da kowace rijiyar shayarwa a wuri ɗaya da kowa zai iya dubawa. Wata abokiyar aikina da ta karanci kwamfuta ta ɗauki nauyin. Ta kafa mana wiki, wato shafukan da jama'a ke iya dubawa da gyarawa, a kan wata tsohuwar kwamfuta a buro, ofishinmu ke nan, mai aiki da hasken rana. Manhajar tana cikin kwantena ɗaya, wato keɓaɓɓen sashe a cikin kwamfutar, bayanan suna cikin wata, yadda in ɗaya ta lalace a sauya ta ba a taɓa ɗayar ba. Ta kuma yi samfurin shafi guda, kamar abin buga bulo, duk shafukan rugage daga shi suke fitowa.

Manoma sun ba da nasu bayanin. Saura makiyaya, kuma in babu su aikin banza ne.

Ranar nan Arɗon wajen Gangara ya zo da kansa. Na karanta masa shafin rugarsa: sunan wuri, rijiya, hanyar kiwo. Yana gyaɗa kai, har na kai ga gurbin ƙarshe, yawan shanu. Ya laluɓi sandarsa.

"Malam, kai ɗiyanka nawa? Faɗa a rediyo mu ji."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Makiyayi ba ya ƙirga dukiyarsa a bainar jama'a, saboda baki, saboda kuma abin da kakanninsa suka gani wajen masu haraji.

"Baba, ai gurbin ba komai cikinsa," in ji abokiyar aikina.

"Ɗiyata, wanda ya gina rumbu yana da niyyar zuba hatsi."

Ya miƙe zai tafi. Ta roƙe shi ya dakata. Ta buɗe samfurin, ta goge layi ɗaya, sannan ta riƙa buɗe shafukan rugage a gabansa, ina karantawa. Gurbin ya ɓace daga dukkansu.

"To ina maganar take kwana? Ƙasar Turawa?" in ji Arɗon.

Ta nuna masa kwamfutar a ƙarƙashin tebur, tana ta ƙugi. Ya duƙa ya ɗora mata tafin hannu, ya daɗe.

"Da ɗumi kamar maraƙi," ya ce. Ya koma ya zauna, ya fara lissafo burtali tun daga bakin iyaka, har aka kira la'asar.

Tun daga ranar, in zan shirya tambayoyin hira, nakan fara duba wadda ya kamata in cire. Na gane cewa mutum yana ba ka abin da ya sani ne in ya tabbata ba za ka taɓa abin da ya rufe ba.