Ruwan da Ban Zuba Ba

Safiyar ranar nan, wanki na yi. Saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ɗari ya kama sosai a Jiratawa, amma na fita rijiya tun rana ba ta ɓullo ba. So nake rigar Baba ta bushe da wuri in ɗinka mata hannu ɗayan da ya rage.

Rigar baftisma ce. Mahaifina Nomau arne ne tun kakanni, ya tsufa yana yanka wa iskokin gidanmu jan zakara. Ni da mijina Barmo muka riga shi bin Almasihu, ya yi shekaru ba ya cin abincin hannuna. Sai a damanar shekarar ya fara zuwa bakin rumfar addu'armu yana zama daga waje, wai inuwa yake sha, rumfar da ko inuwar kirki ba ta da ita. Da kaka ta yi ya shigo ciki. Malam Ishaya, mai koya mana Littafi, ya ce ranar Kirsimeti za a yi masa baftisma tare da waɗansu.

Malam ya ce makonnin nan na shiri ne. Wanda zai karɓi Sarkin Salama, in ji shi, sai ya share zuciyarsa kamar yadda ake share tsakar gida in baƙo zai zo. Mu muka ce amin muka koma ga daka. Baba kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Ya kwance layunsa duka, har na damtse wanda ban taɓa ganinsa ba shi ba, ya zuba a wuta. Sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan ƙanensa, Baffa Arzika, wanda suka daɗe ba sa ga maciji saboda wani gawo da ke iyakar gonakinsu. Ya bar masa gawon. Da ya dawo ya ce mini ya gama nasa, ruwa kawai yake jira.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne. Faransawan da ke mulkinmu sun ɓata da Ingilishi, an rufe iyaka, yadi ya yi wuya. Baturen da ya kawo mana bishara harshensa na Ingilishi ne, an hana shi fita ƙauyuka, mu kuma ana ce da mu 'yan leƙen asirinsu. Yadin akokon da muka ɗinka rigunan baftisma da shi ta Jibiya ya shigo a ɓoye, da shuɗin tambarin Ingilishi a bakinsa. Mun san da haka sarai. Murna ce ta rufe mana ido. Mu mata muka wanke rigunan muka shanya su a jere kan darnin rumfa, farare fat, a bakin hanya. Ta Baba kaɗai na kai gida, saboda ɗinkin.

Da hantsi na ji kofatan dawaki ta gabas. Sai usur. Gardawan kumandan ne, 'yan sandan Faransawa masu jajayen huluna, suna rangadin neman kayan da aka tsallako iyaka da su da mazan da za a kai aikin dole. Ba mu suka fito nema ba. Rigunan suka hango.

Ina zaune ƙofar ɗaki da allura a hannu. Na ji an buga ƙarfen da ke kiranmu addu'a, bugu ɗaya, ya yanke. Na ji an ce, "Ku kwanta ƙasa!" Na ji dorina tana sauka kan jikin mutum. Na cusa rigar cikin zanena na fita da gudu.

Sun riga sun ɗaure Malam Ishaya. Barmo na kwance, gwiwar wani a kan bayansa. Babbansu ya ɗaga riga ɗaya yana nuna tambarin da wanki bai fitar ba. Wani ya ciro garwashi daga murhun maƙwabta ya tura cikin rufin rumfa. Kara ne busasshe, nan take ya kama.

Baba ya taho yana dogara sanda. Da can mutum ne mai zafin zuciya, ya taɓa korar dogari daga gonarsa da gatari. Ranar bai ɗaga hannu ba. Ya je ya tsaya kusa da Malam ya riƙe igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Wani gardi ya ce, "Saki!"

Bai saki ba. Gardin ya juya bindiga ya doke shi da gindinta a haƙarƙari. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen ƙoƙo. Baba ya durƙusa. Aka ƙara masa a baya. Aka harba bindiga sama, kowa ya watse.

Ni ban iya komai ba. Na tsaya ina kallo. Baffa Arzika ne ya kutsa cikin hayaƙi ya ja yayansa ta bayan rumbuna. Barmo ya ɗago kai ya gan ni, ya ce, "Tahi!" Na tafi.

Muka ɓuya cikin tarin karan dawa a gangaren gulbi. Muna jin kukan mata da ihun awaki, muna jin rufin ɗakuna na faɗuwa. Wajen azahar kofatan suka yi arewa, hanyar Maraɗi. Wata mata da ta wuce ta ce sun tafi da maza a igiya ɗaya, har da Barmo da Malam, sun kuma ce za su dawo su kwashe duk mai bin addinin Ingilishi.

Baba na tofar da jini. Ya kira sunana, ya ce, "Tani, wa ya rage da ka iya yi min ruwan nan?"

Mutum ɗaya ne. Dattijo Haruna na Tibiri, shi da Malam kaɗai aka ɗora wa hannu don yin baftisma a duk ƙasar. Tibiri kuwa tana bayan Maraɗi, inda gardawan suka nufa.

Baffa ya koma ya jawo jakinsa. Ni na tona yashin gulbi na cika gora da ruwa. Muka ɗora Baba, Baffa na tafe yana tallafe da shi, ni ina jan jaki. Ba mu bi hanya ba. Gefen gulbi muka bi, cikin ƙaya da lambunan taba. Duk takun da jakin ya yi sai Baba ya cije leɓe. In na ba shi ruwa sai ya jiƙa baki kawai ya mayar mini da gorar.

Da la'asar muka zo daura da Maraɗi. Mun ji kiran salla daga cikin gari, bayansa begila daga bariki. Mahaya biyu suka sauko shayar da dawaki. Muka kwanta cikin rogon wani bawan Allah, Baffa ya danne bakin jaki da hannu biyu. Mai lambun, Musulmi ne, ya gan mu. Ya juya baya ya ci gaba da ban ruwa har suka tafi. Sannan ya nuna mana bukkarsa da haɓa, ya aje ƙwaryar fura a ƙofa. Bai tambaye mu suna ba. Nan muka kwana.

Da gari ya waye ƙafafun Baba sun yi sanyi. Baffa ya kwance layar wuyansa ya miƙa.

"Yaya, ɗaura wagga. In ka warke ka yas."

Baba ya riƙe hannunsa da layar a ciki, ya mayar masa a ƙirji. Ya ce, "Riƙe abinka, Arzika. Kai ni dai."

Mutumin da bai taɓa taka rumfarmu ba, shi ya goya yayansa da jakin ya gaji, yana sauri ya kai shi baftisma.

Rana ta yi tsaka muna hango rimayen Tibiri. Baba ya ce a sauke shi. Muka kwantar da shi gindin wata tsamiya. Ya ce in sa masa rigar. Na ciro ta daga zanena, ta yamutse, da ƙasa a jikinta. Muka sa masa. Hannunsa na hagu a waje yake, ba abin da ya rufe shi.

Ya dubi gorar. Ya dube ni.

"Ɗiyata, ke ba ki iyawa?"

Na san kalmomin. An faɗe su a kaina, na ji an faɗe su a kan waɗansu. Amma ni mace ce, ban yi karatu ba, ba wanda ya ɗora mini hannu. Ni a tafki aka nitsar da ni, nan kuwa rabin gora ne. Tsoro ya kama ni, kada in ɓata masa abin da ya bar komai dominsa. Baffa ya ce, "Zuba mishi, ruwa ai ruwa na." Na ce a'a, gari ga shi nan, bari in ruga in kira Dattijo.

Baba ya ce, "To, ruga."

Na ruga, gorar na rataye a kafaɗata, ban ma tuna in aje ta ba. Na iske Dattijo Haruna yana gyaran darni. Bai tsaya sa takalmi ba. Tsoho ne, amma tare muka iso.

Tun daga nesa na ga Baffa ya cire rigarsa ya lulluɓe fuskar Baba. Yana zaune gefensa, jiki tsirara cikin sanyin nan, yana korar ƙudaje.

Na tambayi Dattijo, in da na zuba masa, da ya yi? Ya daɗe yana kallon gorar. Ya ce shi ma bai sani ba, ba a kai ga koya musu wannan ba.

A Tibiri muka rufe shi, cikin rigar. Ranar Kirsimeti mun yi addu'a a ɗaki, ƙofa a rufe, ba waƙa. Barmo ya dawo bayan damana, kunnensa ɗaya ba ya ji. Malam Ishaya bai dawo ba. Baffa ya ƙi sassabe gindin gawon har ya mutu. Ruwan kuwa na aje shi a kusurwar ɗaki, ban sha ba, ban zubar ba. Kafin bazara ya ƙafe a cikin gorar.