Benci Uku da Rediyo

Duk faɗin Agege, daga bakin titin jirgi har kasuwar shanu, ba a taɓa yin mai shayi mai kan kasuwanci kamata ba. Da kamfani aka damƙa min a Ilupeju, da tuni Turawa ke yi min dako. Haka nake gaya wa kowa a shekarar da soja suka koma bariki.

Wani akawu ne ya kunna ni. Bayarabe ne haifaffen unguwarmu, Hausa a bakinsa kamar Bakano, yana aiki a wani kamfanin sabulu. Kullum da safe yakan tsaya a teburina ya sha shayi kafin ya hau motar haya ta danfo, shi da ma'aikata irinsa, kuma su ne cinikina. Wata rana ya ce a ofishinsu akwai abin da ake kira sitiratiji: ka san wanda kake so ya zo, ka kuma san wanda za ka haƙura da shi. Rabin farko na ji. Rabi na biyu ya zo ina fasa ƙwai.

Ni kuwa kowa nake so. A tsallaken titi akwai wani Bazabarme mai shayi, ko kujera ba shi da ita, fuska kullum kamar an aiko masa da rasuwa. Na ƙudura sai na kwashe masa mutane kaf. Na sa kafinta ya buga min benci uku, na sayo rediyo a Oshodi, mai ƙarar da ake ji har Jankara.

Jama'a kuwa suka zo. Lokacin baki ya buɗe, kowa ya zama ɗan siyasa. Masu gadi da suka tashi aiki, dillalai marasa ciniki, dattawan unguwa, duk su cika benci. Ɗaya ya sayi kofi guda, bakwai su taya shi da baki. Kafin ruwa ya tafasa an naɗa ministoci an sauke gwamnoni.

"Mai shayi, kai me ka gani?"

Sai in ajiye buta in hau bayani, ƙwai na ƙonewa.

Ma'aikata su zo, ba wurin tsayawa, ba mai kula su, ga danfo na kira. Suka yi ta raguwa. Burodi ya kwana, ya sake kwana. Ƙafa ta kumbura, murya ta dishe, in koma ɗaki da madarar da na fito da ita. Korar 'yan benci kuma ba ta yiwuwa, akwai sa'o'in mahaifina a ciki.

Wata safiya na hango akawu a tsallake, a tsaye, yana kurɓar shayin Bazabarme. Na ja ƙafa na tsallaka.

"Haba oga! Haka za mu yi da kai? Ba kai ka koya min sitiratiji ba? Dubi jama'a a wurina!"

Ya dubi agogonsa, ya dubi bencina, ya miƙa wa Bazabarme kofi.

"Ai ka yi ƙoƙari, Malam, majalisa ta cika. Mu dai shayi muke nema."