Ciwon Ɗanliti

Sa'adiya 'yar Zariya ce. Ta zo Amurka a 2001 da mijinta Maitama, injiniya, suka zauna a garin Mitchellville. Kullum da safe takan hau jirgin ƙasa na Metro zuwa wani ofishin gwamnati a unguwar Southwest. Maitama ya rasu a 2009 a ɗakin tiyata, wajen aikin da aka ce musu ƙarami ne. Tun daga nan, ko warin asibiti ta ji sai gabanta ya faɗi.

Ya bar mata 'ya ɗaya, Afnan, da wata dabba mai dogon jiki kamar tunku, ana ce da ita feret. Namiji ne, Maitama ya saya wa yarinyar, ya raɗa masa suna Ɗanliti. Da fari Sa'adiya ƙyamarsa take yi. Da Afnan ta tafi jami'a, sai ya zama shi ke tarbarta a bakin ƙofa.

A 2012 gashin wutsiyarsa ya fara zuba, har ya kai gadon baya. Likitar dabbobi, Dakta Constance, ta ce wani ɗan ƙullin nama da ke saman ƙodarsa ne ya kumbura, yana zuba sinadari fiye da kima. Ko dai a yi aiki a cire shi, ko a riƙa allura duk wata.

"Allura," in ji Sa'adiya, tun likitar ba ta rufe baki ba.

Gashi ya tsiro, aka yi wata bakwai lafiya. Wata Asabar da safe ta tarar da shi a tsugune yana nishi, fitsari ya ƙi fita sai ɗigo. Ta naɗe shi a tawul ta yi asibiti.

Dakta Constance ta sa masa roba ta janye fitsarin, sannan ta ce, "Allurar ta daina riƙe shi. Yanzu da sauran ƙarfinsa. In ya sake toshewa, ban san ko zai jure aiki ba."

"Idan kun sa shi barci, zai farka?"

"Yawancinsu suna farkawa. Alkawari kam ba zan yi miki ba."

Ta fita ta kira Afnan. Yarinyar ta ce da Turanci, "Umma, ni ma tsoro nake ji. Amma kin ce kuka yake yi."

Ranar Litinin ta sa hannu a takarda. Ta kasa zama a ɗakin jira, ta koma mota tana jan carbi, idonta a kan waya. Da wayar ta yi ƙara, sai da ta kusa yankewa ta iya ɗauka. Ya farka.

Kwana huɗu ba ta je ofis ba, tana ɗura masa romon kaza da sirinji. Ya ƙara shekara biyu a duniya. Da ya mutu, ita da Afnan suka binne shi a bayan gida.